Yadda ake cire tsohon kafet daga ɗaki ba tare da an ɓata daɓe ba

Ɗaki mai ƙafa 12 a tsawo da 12 a faɗi, mutum biyu za su iya yanke kafet ɗinsa su naɗe su fitar cikin awa guda ko biyu. Abin da ke cin yini, wani lokaci har kwana biyu, shi ne abin da kafet ɗin ya bari a ƙasa: busasshen gam, ruɓaɓɓen soso, ƙurar hunturu ta shekara da shekaru, wataƙila har da danshi da gara. Saboda haka kafin ka taɓa komai, ka tsai da shawarar abin da za ka sa a madadinsa, domin shi zai nuna maka iya kankarar da ke gabanka. In sabon kafet ne, tudun gam kawai za ka baje. In leda ce, sai daɓen ya yi sumul, don ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gero ma zai fito ta samanta, a kwana a tashi ya huda ta. In kuwa tayil ne ko fenti, to sai gam ɗin ya fita kusan kakaf, saboda siminti da fenti ba sa kama jikin gam.

In gidan haya kake, ka gaya wa mai gida ko wakilinsa tukuna, musamman in shi ya shimfiɗa kafet ɗin. Ka kuma ɗauki hoton daɓen da zarar ya bayyana, kada tsagar da ka tarar ta zama taka ranar tashi.

Fara da leƙa kusurwa

Je kusurwar da ke bayan ƙofa, ka kama bakin kafet da filaya, ka ɗaga a hankali kamar taƙi biyu. A nan za ka gane yadda aka kafa shi. Akwai wanda shimfiɗawa kawai aka yi, kayan ɗaki suka danne shi; wannan naɗewa ce kawai. Akwai wanda aka shafa wa gam a gefe-gefe da wurin haɗi, shi ne aka fi samu a ɗakunan kwana da falo. Akwai kuma wanda aka shafe ƙasansa gaba ɗaya da gam, yawanci siririn kafet irin na ofis da masallaci, kuma shi ne mai ba da wahala. Na huɗu shi ne wanda aka ja aka maƙala a kan siririn katako mai ƙananan ƙusoshi da ke zagaye da bango.

Ka duba launin gam ɗin ma. Mai ruwan ɗorawa ko ruwan zuma, wanda yake miƙewa kamar danƙo in an ja, shi ne gam irin na masu takalma da kafintoci, wanda aka fi sani da sunan Evo-Stik. Ruwa ba ya narka shi. Fari ko mai haske-haske yawanci gam ne da aka haɗa da ruwa, kuma ruwan zafi yana tausasa shi. Baƙi mai kama da kwalta kuwa, a dakata da shi, akwai bayaninsa a gaba.

Kayan aiki da shiri

Kana bukatar wuƙa mai reza, irin wadda ake ɓalle bakinta in ya dakushe, da ƙarin reza aƙalla biyar, don bayan kafet da yashin da ke cikinsa suna cinye kaifi da wuri. Sai filaya, da sukurdireba, da guduma mai bakin cire ƙusa, da ƙarfen kankara irin na masu fenti mai faɗin inci 3 ko 4. In gam ya rufe ɗakin duka, ka nemi mai doguwar ƙota wanda ake turawa a tsaye, ko ka sa mai walda ya haɗa maka shi da guntun bututu. Bayanka da gwiwarka za su huta. Ka tanadi igiya ko salatif mai faɗi na ɗaure naɗi, da buhuna, da bokiti, da tsumma mai yawa. Ga jikinka kuma: safar hannu mai kauri, takalmi rufaffe mai tauri a ƙasa, takunkumin hanci mai kama fuska sosai, da guntun katifa ko tsohon matashi na durƙuso. Silifas ba takalmin wannan aiki ba ne.

Lokacin rani ya fi dacewa, don daɓe yana bushewa da sauri in an wanke. A tsakiyar damina, irin su watan Agusta, sai ka wanke daɓe ya kwana uku bai bushe ba. Ka fara da safe, don ka gama mai ƙura kafin rana ta take.

A kwashe kaya gaba ɗaya. Mutane kan so su ture gado da wadirob gefe guda, su yi rabi, su maido su yi rabi, amma wannan ninka aikin yake yi, ga ƙura ta shige cikin katifa da tufafi. Abin da ba zai fita ba a lulluɓe shi da leda. A sauke labule, a buɗe tagogi, a rufe ƙofar da ke shiga sauran ɗakuna a toshe ƙasanta da jiƙaƙƙen tsumma. A kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Yara, tsofaffi, mai juna biyu da mai ciwon asma su bar wurin har a gama shara.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: wayoyi. A gidaje da dama ana bi da wayar wuta, ko ta eriya, ko ta dish, ta ƙarƙashin kafet don kada a gan ta. Ka bi bango ka ga inda kowace waya ta shiga da inda ta fito, ka zare ta daga soket, in kana shakka ka kashe wutar ɗakin daga babban makunni. Reza ba ta san waya ba.

In akwai injin zuƙe ƙura, a bi kafet ɗin da shi kafin a fara. In babu, a ɗan fesa masa ruwa sama-sama don ƙura ta kwanta. Fesawa, ba jiƙawa ba: jiƙaƙƙen kafet nauyinsa ninkuwa yake, kuma ƙurar da ke ƙasansa sai ta zama taɓo.

Yanka da naɗewa

Fara da bakin ƙofa. In akwai ƙarfen alminiyom da ya danne bakin kafet a dokin ƙofa, ka kwance sukurorinsa ko ka zare ƙusoshinsa, ka ajiye shi, sau da yawa yana sake amfani.

Kada ka ce za ka naɗe kafet ɗin ɗungurungum. Na ɗaki ɗaya ma yana iya kai nauyin rabin buhun siminti ko fiye, ga tsawo da ba ya juyawa a lungu, sai ka kankare fentin bango da shi. Ka yanka shi tsiri-tsiri, kowanne faɗin ƙafa 3, wato kusan mita ɗaya. Hanya mafi kyau ita ce ka ɗaga gefe guda, ka ninko shi kansa, ka yanka ta baya. Ta baya reza saƙar ƙasa kawai take ratsawa, ba ta sarƙewa cikin gashin kafet, kuma bakinta ba ya taɓa daɓe. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai in tayil ne ko tarazo a ƙasa, don layin da reza ta ja a kansu ba ya gogewa. Ka fito da bakin reza kaɗan, kamar santimita ɗaya, kuma hannun da ke riƙe kafet kada ya kasance a hanyar da wuƙar ke bi. Da ka ji tana ja maimakon ta yanka, ɓalle bakin. Dakusasshiyar reza ta fi yanka mutum, saboda ƙarfi ake sa mata har ta zame.

Kowane tsiri ka naɗe shi fuskarsa a ciki, ka ɗaure a wuri biyu, ka fitar waje nan take.

Kafet ɗin da aka shafe da gam duka kuwa ba ya ninkuwa, dole ta sama za a yanka. A nan ka rage faɗin tsirin zuwa taƙi ɗaya ko ɗaya da rabi, kimanin santimita 20 zuwa 30. Dalili kuwa, ƙarfin da za ka sa ya danganta da faɗin wurin da kake ɓamɓarowa lokaci guda. Tsirin mita ɗaya ƙato biyu ma sai su gaza, amma na taƙi ɗaya mutum guda zai ja. Ka kama bakin da filaya har ya isa riƙo, sannan ka ja shi baya ƙasa-ƙasa, kusa da daɓe, wani kuma yana tura ƙarfen kankara a daidai inda yake rabuwa. Kada ka fizga sama. Fizga tana yaga kafet ɗin ta bar bayansa a manne, kuma in daɓen bai sha siminti sosai ba sai fatarsa ta biyo gam ɗin, ka wayi gari da ramuka.

In akwai soso a ƙarƙashi, shi ma haka za a yanka a naɗe. Wanda ya tsufa yakan zama gari, ko ya manne da ƙasa. Ka kankare shi a bushe ka share tukuna. Wanda ya fara zuba masa ruwa ya haɗa kwaɓin da zai yini yana kwasa.

Sharar farko a yi ta da jiƙaƙƙiyar dusar katako ko ɗan yayyafin ruwa, a tara da faranti ko shebur a zuba a buhu. Busasshiyar tsintsiya tayar da ƙurar kawai take yi, ta sauka a kan silin da bango, ta dawo bayan ka gama.

Gam

Nan ne aikin yake. Ban da baƙin gam mai kama da kwalta, ko wane iri ne, a fara da kankara a bushe. Ka kwantar da ƙarfen sosai, kada ka tsayar da shi, ka riƙa turawa gajere-gajere. Tsohon gam da ya shekara goma sau da yawa ya riga ya mutu, yana ɓarewa da kansa, sai ka ga rabinsa ya tafi ba tare da ruwa ko tina (ruwan da ake tsinka fenti da shi) ba. Ka riƙa wasa bakin ƙarfen a dutse ko da magagari lokaci-lokaci.

Ga farin gam, ka tafasa ruwa, ka zuba omo cikin cokali biyu a bokiti, ka jiƙa tsofaffin tawul ko buhun algarara, ka shimfiɗa a wuri kamar mita ɗaya, ka bari minti 20 zuwa 30. In ka lulluɓe da leda zafin ya fi daɗewa. Ka ɗaga ka kankare tun yana da ɗumi, kafin nan ka riga ka jiƙa wuri na gaba. Kada ka malale ɗakin duka da ruwa: kafin ka isa ƙarshe farkon ya huce, gam ya sake kamawa, siminti kuma ya sha ruwan da zai ɗauki kwanaki yana fitarwa.

Gam mai ruwan ɗorawa ba ya jin wannan. Abu biyu ke tausasa shi, zafi ko tina. Zafi ya fi aminci: ka ɗora ɗanyen tsumma a kai, ka danna dutsen guga na ɗan lokaci, ko ka hura masa na'urar busar da gashi, ka kankare da sauri. Yana da jinkiri, amma in gefe-gefe kawai aka shafa ya wadatar. In sai da tina, ka zuba kaɗan a tsumma, ka jiƙa wurin da bai wuce rabin mita ba, ka jira minti 5 zuwa 10, ka kankare, ka goge ƙarfen a kwali. Gam ɗin da ya narke kada ka murza shi da tsumma, shafe shi za ka yi ya shiga ƙofofin siminti ya fi da wuya.

Tina tana kama wuta, kuma tururinta ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi. Saboda haka duk tagogi a buɗe, ba kaskon turaren wuta, ba maganin sauro na kunnawa, ba sigari, ba risho ko gas a kusa, kuma kada a kunna ko a kashe makunnin wuta a ɗakin. Wurin da tina ta taɓa kada a kai masa dutsen guga. Takunkumin ƙura ba ya tare tururinta, iska ce kawai kariya. Da ka ji jiri ko ciwon kai, fita waje. Tsumman da aka yi amfani da su a baza su a waje su bushe, kada a tara su a lungu. Fetur kuwa, duk da akwai masu yi da shi, bai kamata ya shiga ɗaki ba ko kaɗan. Kananzir yana tausasa wani gam ɗin, sai dai maiƙonsa yana shiga siminti, daga baya fenti da sabon gam su ƙi kamawa, warinsa kuma ya zauna. In tayil ko fenti za ka sa, ka bar shi.

Babban falo da aka shafe duka, gaskiya ya fi sauƙi a kira mai injin gurzar daɓe. A gurza da ruwa, don ƙurar siminti tana cutar da huhu.

In ba siminti ba ne a ƙasa

Tayil mai sheƙi ana kankare shi da roba mai tauri ko da reza a kwance, ba da ƙarfe mai kauri ba, kuma kada a sa masa sanfefa. Tarazo yana jure kankara, amma ba ya son abu mai tsami: ruwan khal, lemon tsami da asid ɗin wanke banɗaki duk suna cin duwatsunsa su bar tabo fari. Ruwan ɗumi da sabulu sun ishe shi, in ya dushe a kira masu gogewa.

A tsofaffin gidaje, irin kwatas na ma'aikata da aka gina a shekarun 1960 da 1970, za ka iya ɗaga kafet ka tarar da ƙananan tayil na roba, masu inci 9 kowane gefe, an manna su da baƙin gam mai kama da kwalta. Irin waɗannan tayil da gam ɗinsu na wancan zamani sau da yawa akwai asbesto a ciki, wanda ƙurarsa ke jawo mugun ciwon huhu da sankara bayan shekaru. Saboda shi ne Ingila ta hana amfani da asbesto gaba ɗaya a 1999. Muddin ba a farfasa su ba, ba sa tayar da ƙura. Don haka kada a gurza, kada a sa sanfefa, kada a kankare a bushe. In suna nan daram, mafi sauƙi shi ne a bar su a rufe da sabon daɓe ko leda.

Danshi, wari da ƙwari

Baƙin tabo a bayan kafet, ko farin gishiri-gishiri a kan siminti, ko warin hunhuna, alamar ruwa ne. Kafin ka shimfiɗa sabo ka gano daga ina yake. Duba bangon da ya haɗa da banɗaki, da ƙasan taga, da gefen da ruwan indararo ke zuba. In ba ka ga komai ba, ka gwada daɓen: yanki leda mai kauri kamar rabin mita kowane gefe, ka manne gefunanta huɗu da salatif a kan busasshen daɓe, ka bari kwana ɗaya. In ka ɗaga ka ga raɓa a cikinta ko simintin ya yi duhu, ruwa daga ƙasa yake tasowa, yawanci don ba a shimfiɗa leda ba kafin a zuba kankare. Irin wannan ɗaki kafet da leda ba za su yi ƙarko a cikinsa ba, tayil ya fi masa.

Hunhuna a kan siminti ana wanke ta da bilic, irin su Hypo ko Jik, kofi ɗaya cikin ruwa lita 4, a bari minti 10 a ɗauraye. Wurin da fitsarin yara ya daɗe yana ratsawa kuwa, a fara wanke shi da omo da ruwa sosai, sannan a zuba ruwan khal da aka haɗa da ruwa rabi da rabi, in ya bushe a barbaɗa bekin soda ya kwana a share. Kada a haɗa bilic da ruwan khal ko da asid ɗin banɗaki, haɗin yana fitar da iskar da ke shaƙe mutum. In za a yi amfani da duka biyun, a ɗauraye a bari ya bushe a tsakani.

Hanyar ƙasa siririya da ke bin gindin bango aikin gara ce, ka bi ta har tsagar da take fitowa, a sa magani kafin a toshe. In kuɗin cizo ne ya sa ake cire kafet ɗin, kowane naɗi a cusa shi a buhu ko leda a ɗaure tun a cikin ɗakin, kada a ja shi ta falo, kuma kada a ba kowa. A lungunan da kafet ya daɗe a sake, a ɗaga da filaya, kunama tana son irin wurin.

Gyaran daɓe

Bayan ya bushe, ka bi shi kana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma. Inda ya yi ƙarar holoƙo, fatar ta rabu da kankaren ƙasa, a fasa wurin a sake. Ramuka da tsaga a ɗan faɗaɗa bakinsu, a share, a jiƙa, a shafa kunun siminti, sannan a cike da kwaɓin siminti awo ɗaya da yashi mai laushi awo uku. A riƙa yayyafa masa ruwa kwana uku don kada ya tsage, sannan a ba shi aƙalla mako guda yana shan iska kafin a rufe shi da leda ko kafet. Facin da ya yi kauri yana bukatar fiye da haka. In tayil ne, mai sawa zai sassari daɓen don kwaɓinsa ya kama. Ka tuna tayil zai ƙara tudu, sai ka auna ƙasan ƙofa tun kafin a fara, don ƙofar katako ana rage ta da sauƙi, ta ƙarfe kuwa sai mai walda.

Kafet mai katakon ƙusoshi

Wannan shi ne salon da aka fi yi a Ingila da Amurka, inda daɓen katako ya yi yawa, ana kuma samunsa a wasu otal da manyan gidaje. Kafet ɗin ba gam a jikinsa, da ka ja kusurwa zai saki. Soson ƙasa kuwa da ƙananan ƙusoshin waya ake kafa shi a katako, sai an bi su ɗaya-ɗaya da filaya ko a ture su da ƙarfen kankara. Katakon gefen in sabon kafet za a sa kuma bai ruɓe ba, a bar shi. In za a cire, a cusa bakin guduma daidai inda ƙusa take, a ɗora guntun katako a ƙarƙashi don kada daɓe ya lotsa, a ɗaga. A kan siminti kowace ƙusa tana barin ɗan rami da za a cike. Ƙusoshin nan masu tsini ne, sau da yawa da tsatsa. A zuba su a kwali, wanda kuma suka soka ya wanke wurin ya je a duba ko yana bukatar allurar tetanus.

Ina za a kai tsohon?

Kada a ƙone shi. Yawancin kafet na yanzu zaren roba ne, hayaƙinsa baƙi ne mai guba, kuma narkewa yake yana ɗiga. Kada a jefa a kwata, shi ne ke toshe ta da damina. Ɓangaren da ke ƙarƙashin gado yawanci da sauransa: a kakkaɓe, a wanke, a shanya a rana kwana biyu, a yanka na goge ƙafa a bakin ƙofa, ko na bayan mota, ko a sa ƙarƙashin janareta ya rage jijjiga, nesa da salansa. Wanda hunhuna ko fitsari ya ratsa a ɗaure shi a ba masu kwasar shara, guntayen reza kuma a zuba su a gwangwani a matse bakinsa kafin a sa a buhu.